Shekara Nawa Hoto Yake Yi A Duniya?

Akwai hotuna da ke yawo a wayoyin mutane, na wani dattijo mai rawani, an rubuta a ƙasa wai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne. Duk wanda ya turo maka irinsu, ka yi masa lissafi cikin ruwan sanyi. Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1817. Hoto mafi tsufa da aka ɗauka da kyamara wanda ya rage a duniya, wani Bafaranshe mai suna Nicéphore Niépce ne ya ɗauke shi ta tagar gidansa a 1826 ko 1827, Shehu na da kusan shekara goma da barin duniya. Ba a fito da sana'ar hoto ga jama'a ba sai 1839 a birnin Paris, shekara biyu bayan rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno. Shi kansa Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso ƙasar Sakkwato a 1853 zamanin Aliyu Babba, da littafin rubutu da takardar zane ya zo.

Ba mu da fuskar Shehu, amma muna da maganarsa. Littattafansa, da na ƙanensa Abdullahin Gwandu, da Infaƙul Maisuri da Bello ya rubuta a 1812, da waƙoƙin Nana Asma'u, duk suna nan ana karanta su a zaurukan malamai. Amma ka shiga gidaje a Sanyinna, ko Dogon Daji, ko Jabo, ko Kebbe, ka ce a ɗauko maka hoton bikin da aka yi a 1988. In an same shi, za ka tarar ya koma ja kamar an zuba masa ruwan goro, fuskokin sun fara narkewa. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A nan kuwa ji ya haura shekara ɗari biyu yana raye, gani bai cika arba'in ba ya kwanta jinya. Dalilin haka yana cikin sinadarin hoton, da yanayin ƙasarmu, da kuma hannun da aka damƙa wa ajiya.

Azurfa da wanki

Hoton baƙi da fari hawa-hawa ne. A ƙasa akwai abin da ke ɗauke da shi: takarda, ko gilashi, ko leda. A kai an shimfiɗa jalatin, wani abu mai danƙo da ake samu daga fatu da ƙasusuwan dabbobi. A cikin jalatin ɗin akwai gishirin azurfa, wanda haske ke yi wa tasiri. Idan mai hoto ya shiga ɗakin duhu, ruwan magani na farko yana mayar da duk inda haske ya taɓa ya zama ƙwayoyin azurfa baƙaƙe. Ruwan magani na biyu, wanda masu sana'ar ke kira haipo, yana narkar da ragowar gishirin da haske bai taɓa ba, don kada hoton ya ci gaba da yin baƙi. Daga nan sai a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a daɗe ana ɗaurayewa, har haipon ya fita sarai.

Da muke cewa "wanke hoto", mun kama sunan matakin da ya fi kowanne muhimmanci. Tun a 1855 ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Landan ta kafa kwamiti don gano abin da ke sa hotuna suna dusashewa, domin tun sana'ar ba ta cika shekara ashirin ba aka fara ganin hotuna suna komawa ɗorawa. Kwamitin ya ɗora laifin a kan ragowar haipo da ba a wanke da kyau ba, da danshi, da gurɓatacciyar iska mai ɗauke da farar wuta. Har yau bayanin bai canza ba. Hoton baƙi da fari da aka wanke yadda ya kamata, aka ajiye a busasshen wuri, yana haura shekara ɗari ba tare da wata matsala ba. Wanda kuwa aka yi wa wankin sha-yanzu-magani-yanzu, saboda mai hoto yana tattalin ruwa ko jama'a sun yi layi suna jiran hoton fasfo, yana iya fara tabo cikin 'yan shekaru. Mutum biyu suna iya ɗaukar hoto rana ɗaya a gari ɗaya, na ɗaya ya kai ga jikoki, na ɗayan ya riga mai shi tafiya.

Shi hoton Niépce da aka ambata, a kan farantin ƙarfe aka yi shi, da wani irin kwalta. Ya ɓata tsawon shekaru, sai a 1952 wani masanin tarihin hoto, Helmut Gernsheim, ya gano shi a cikin wani akwati a Ingila. Yanzu yana Jami'ar Texas da ke Austin a Amurka, cikin akwatin da aka cire wa iskar da ke sa ƙarfe tsatsa. Shekarunsa kusan ɗari biyu.

Kyamarar da ta biyo bindiga

A ƙasar Sakkwato, kyamara ta yi ƙarfi ne da zuwan sojojin Turawa. Kamfanin Kodak ya fito da ƙaramar kyamarar hannu a 1888, ya ƙara da Brownie mai araha a 1900, saboda haka lokacin da dakarun Ingila suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, ɗaukar hoto ya riga ya zama abin da hafsa zai iya yi da kansa. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da jama'a masu yawa, aka cim masa a Burmi, cikin Jihar Gombe ta yanzu, ranar 27 ga Yuli 1903. Marubuta tarihi sun ruwaito cewa bayan an kashe shi an ɗauki hoton gawarsa, aka riƙa nunawa a ƙasar Arewa don a tabbatar wa masu shirin bin sawunsa cewa ya mutu. Ɗaya daga cikin ayyukan farko da aka sa hoto ya yi a ƙasar nan ke nan: karya zuciya.

Daga nan hotuna suka yi ta taruwa a hannun jami'an mulki, da 'yan mishan, da malaman makaranta. E. H. Duckworth, wanda ya daɗe yana editan mujallar Nigeria tun daga shekarun 1930, ya bar dubban hotuna da nagatif, suna ɗakin karatun Herskovits na Jami'ar Northwestern a Amurka. Eliot Elisofon ya zagaya Najeriya a 1959 yana ɗaukar hoto wa mujallar Life, ana jajibirin samun 'yancin kai, kuma tarinsa yana gidan tarihin fasahar Afirka na Smithsonian a Washington. A 2011 ma'ajiyar tarihi ta Birtaniya ta ɗora dubban hotunan ofishin mulkin mallaka a shafin Flickr, tana roƙon jama'a su taimaka da sunayen mutane da wurare.

Wannan roƙon abin lura ne. Hotunan sun rayu saboda an ajiye su a ƙasa mai sanyi, cikin ɗakunan da aka gina don ajiya, kuma akwai wanda ake biya albashi ya kula da su. Amma sau da yawa wanda ya ɗauka bai damu ya tambayi sunan wanda ya ɗauka ba. Za ka ga hakimi a kan doki, da zagage da 'yan bindiga, rubutun da ke ƙasa bai wuce "wani basarake" ba. Takardar ta tsira, mutumin ya ɓata. Mu kuma a nan gida mun san sunayen, takardun ne suke mutuwa a hannunmu.

Uwar hoto

Hoton da aka ba ka a takarda ɗa ne. Uwarsa ita ce nagatif, wato ledar nan ko gilashin da ke fitowa daga cikin kyamara, inda fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Muddin tana nan, ana iya sake haifar hoton sau ɗari, kuma ta fi takardar riƙe ƙananan bayanai: zanen aikin riga, rubutun allon makaranta, lambar mota. Ita ma tana da nata ajalin, kuma ya danganta da abin da aka yi ta da shi.

Ta gilashi, wadda aka yi yayi daga shekarun 1850, ba ta ruɓewa. Abokan gabanta faɗuwa ƙasa da danshin da ke ɓamɓare jalatin. A 1889 aka fara sayar da fim na leda da aka yi da sinadarin naitiret. Wannan ɗan'uwan albarushi ne: in ya tsufa yana danƙo, ya koma gari, in ya kama wuta kuwa ruwa ba ya kashe shi cikin sauƙi, domin yana samar wa kansa iskar da yake ci. Ba a daina yin sa ba sai wajen 1951. Binciken da Ɗakin Karatun Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na manyan fina-finan Amurka na zamanin da ba a sa murya sun ɓata gaba ɗaya. Ƙasar da ta fi kowa kuɗin fim ke nan.

Aka maye gurbinsa da fim na asitet, wanda ba ya cin wuta irin waccan. Shi ne mafi yawan fim ɗin da masu hoton garuruwanmu suka yi aiki da shi. Ciwonsa daban ne: zafi da danshi suna sa ledar ta riƙa fitar da ruwan tsami, irin na khal. Tsamin yana ƙara saurin lalacewar, lalacewar tana ƙara tsamin, har ledar ta tsuke ta kanannaɗe, jalatin ya yi ƙuraje ya tsattsage. Wanda ya buɗe tsohuwar gwangwanin fim ya ji warin khal ya bugi hancinsa, to ciwon ya kama, kuma ba a warkar da shi, sai dai a rage masa gudu. Rahoton farko da kamfanin Kodak ya samu kan wannan ciwo daga Indiya ya fito, inda aka ajiye fina-finan gwamnati cikin zafi da laima, tun fim ɗin bai fi shekara goma da fitowa ba. Daga baya aka samu fim na foliyesta, wanda masana ke kyautata zaton ledarsa za ta yi ɗaruruwan shekaru, amma ƙananan fim masu kala da ake sa wa kyamarar biki galibi sun ci gaba da zama na asitet.

Cibiyar binciken daɗewar hoto da ke Rochester a Amurka ta fitar da jadawali a 1993. A ɗakin da zafinsa ke digiri 21, laimarsa kashi 50, sabon fim na asitet yana kai kimanin shekara 40 kafin tsamin ya fara. Ƙa'idar da masu ajiya ke aiki da ita kuwa ita ce, duk ƙarin digiri biyar zuwa shida yana kusan ninka saurin lalacewar. In ɗakin ya zauna a digiri 32, arba'in ɗin ta koma kusan goma. To a ƙasar Sakkwato zafin rana yana haura digiri 40 a watan Afrilu, kuma akwatin ƙarfe da ke saman sif a ƙarƙashin rufin kwano ya fi haka ɗaukar zafi. Abin da ke ɗan taimakonmu shi ne bushewar iska lokacin hunturu da bazara, domin ciwon yana bukatar danshi. Amma damina tana zuwa ta karɓi bashinta: a watan Agusta laima tana tashi, fumfuna ta samu jalatin, wanda a wurinta abinci ne, hotuna su manne da juna. Ga gara, ga kyankyaso, ga ɗakin da ya yi yoyo. Masu tarin hotunan Bettmann, wanda kamfanin Bill Gates ya saya a 1995, da suka ga miliyoyin hotunansu sun fara warin khal a New York, kwashe su suka yi zuwa wani tsohon ramin haƙar dutse a Pennsylvania, can ƙarƙashin ƙasa, suka sa musu sanyi mai tsanani. Mu ba mu da ramin, ba mu da wutar da za ta riƙe sanyin.

Da kala ta zo

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, hoton kaka na baƙi da fari da aka ɗauka zamanin Sardauna yana nan garau, na uba kuwa mai kala, wanda aka ɗauka zamanin Shagari ko bayansa, ya koɗe. Dalili shi ne a hoto mai kala ba a barin azurfa. Ana amfani da ita a fito da surar, sannan a wanke ta, a bar rini hawa uku: ruwan ɗorawa, da ja mai shunayya, da shuɗi mai kore-kore. Rini kuwa, kamar yadda kowace mai atamfa ta sani, yana koɗewa. Haske yana cin sa, kuma ko a cikin duhun akwati zafi yana cin sa a hankali. Ukun ba sa tafiya tare. A hotuna da yawa na shekarun 1970 da 1980 shuɗin ne ke fara gudu, shi ya sa abin da ya rage yake rinjaya zuwa ja. Matsalar ta kai ga a 1980 daraktan fim Martin Scorsese ya jagoranci kamfe a Amurka yana neman a gyara ingancin fim mai kala, a 1993 kuma Henry Wilhelm ya fitar da babban littafi kan gwaje-gwajen da ya yi na daɗewar kowane irin hoto mai kala. An samu gyara daga baya, amma ya tarar da hotunan iyayenmu an riga an wanke su.

Wannan zamanin kuwa shi ne lokacin da hoto ya shiga gidan talaka sosai. Kafin nan mutum yakan tsaya gaban kyamara ne in zai tafi Makka, ko zai shiga aikin gwamnati. Da aka buɗe makarantun firamare ko'ina da shirin ilimi kyauta na 1976, kuɗin man fetur kuma ya zagaya, sai hoto ya zama na Sallah, da biki, da suna, da saukar karatu, da gama makaranta. Mai hoto ya zo da kyamara rataye a wuya, ya ɗauka, ya kai fim ɗin birni a wanke, ya dawo ya raba wa kowa nasa a ambulan. Nagatif kuwa takan zauna a wurinsa, domin da ita zai sake samun kuɗi in an bukaci ƙari. Mai hoton gari, ba tare da kowa ya naɗa shi ba, shi ne ma'ajin fuskokin garin.

Da kyamarar dijital da wayar hannu suka zo, sana'ar fim ta durƙushe tun daga sama. Sashen hoto na Agfa ya karye a 2005, Kodak ta daina yin Kodachrome a 2009, ita kanta ta nemi kariya daga masu bin ta bashi a watan Janairun 2012. A ƙasa kuwa, shagon hoto ya koma shagon cajin waya ko na buga katin biki. Kwalayen nagatif da ba mai tambayarsu suka zama tarkace masu cin wuri. Babu wanda ya yi mugunta. Abin da ba a san darajarsa ba ne aka share.

Waɗanda suka ajiye

Ajiya maganin wata rana. A Bamako, Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a 1948, ya ɗauki mutanen gari dubbai, ya kuma adana nagatif ɗinsa. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a New York ba tare da sunansa ba, a matsayin aikin wani mai hoto da ba a sani ba. Aka bi sawu har Bamako, aka same shi da ajiyarsa. Daga waɗannan ledoji aka wanke manyan hotunan da suka zagaya duniya kafin rasuwarsa a 2001. A nan Najeriya, Solomon Osagie Alonge, mai hoton fadar Oba Akenzua na biyu, ya buɗe shagonsa a birnin Benin a 1942. Nagatif ɗinsa, da yawansu na gilashi, sun tsira, suna Smithsonian, an baje kolinsu a Washington a 2014, sannan aka kawo nunin gidan tarihi na Benin a 2017, jikoki suka je suka ga kakanninsu.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya da Hausa a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. An daɗe ana ɗauka ya ɓata. A 2016 aka gano nagatif ɗinsa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, bayan fafutukar masu kishin tsofaffin fina-finai irin su Didi Cheeka. Cibiyar Arsenal da ke Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Shekara arba'in daidai tsakanin yin fim ɗin da gano shi, wato an cim masa a bakin iyakar da jadawalin nan ya zana. Da an ƙara wasu shekaru ba a buɗe gwangwanayen ba, da labarin ya sha bamban.

A duk misalan uku, abu biyu ne suka haɗu: uwar hoton ta rayu, kuma an samu wanda ya san ko ta wane ce.

Waya ba adaka ba ce

A sana'armu ta rubuta manhajar kwamfuta, sau da yawa mutane kan ce ai yanzu matsalar ta ƙare, tunda hoton waya ba ya koɗewa. Gaskiya ne ba ya koɗewa. Hoton takarda yana tsufa a gabanka, yana ba ka shekaru ka yi wani abu. Na waya yau yana nan cif, gobe babu shi ko alama. Memori da filas suna riƙe bayani ne da ɗan cajin lantarki da aka kulle a cikin ƙananan ɗakuna, cajin kuma yana zurarewa a hankali in an daɗe ba a sa su a wuta ba, zafi yana ƙara masa sauri. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana yi mata filashin a kasuwa. Hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi ta rage masa inganci, in ya bi hannu biyar ya zama inuwar kansa.

Ajiya a intanet ma amana ce a hannun kamfani. A 2019 MySpace ya amsa cewa ya rasa hotuna da bidiyo da waƙoƙin da mutane suka ɗora tsawon shekaru, wajen sauya na'urorin ajiya. Daga Disambar 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar da ta ba shi damar goge asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba. Ka haɗa wannan da abin da muka sani: in mutum ya rasu aka bar layinsa ba a amfani da shi, bayan wani lokaci ana sake sayar da lambar ga wani. Lambar da za a turo wa saƙon buɗe asusun ta tafi, kalmar sirri kuma ta bi mamacin. Magada za su raba gona da shanu, hotunan shekara goma sha biyar kuwa babu wanda zai gaje su.

Darasin gafaka

Mu koma ga littattafan da suka fi hotuna daɗewa. Takardar da malaman Sakkwato suka yi rubutu a kanta mai kyau ce, da yawanta daga Italiya aka kawo ta ta hamada, mai tambarin jinjirin wata uku, an yi ta da tsummoki, ba ta da tsamin takardar zamani. An sa ta cikin tadarishi, an zura a gafaka, an rataye nesa da ƙasa. Amma ba takardar kaɗai ta raya su ba. Mafi yawan abin da muke karantawa yau ba da hannun mawallafin aka rubuta shi ba. Almajiri ya kwafa daga malaminsa, nasa almajirin ya kwafa daga gare shi, kwafi ɗaya yana Gwandu, wani yana Kano, wani yana Yola. In gara ta ci ɗaya, saura suna nan. Kuma mai kwafa yakan rufe da ambaton sunan littafin da mai shi, wani lokaci da nasa sunan. Yawan kwafi, a wurare daban-daban, tare da suna. Abin da injiniyoyin kwamfuta ke koyarwa yau ke nan, cewa a riƙe kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya a wani gari.

Hoto ma haka yake so. A fito da shi daga ledar albam mai danƙo, a sa shi tsakanin fararen takardu masu tsabta, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, sama da ƙasa, nesa da bangon da ke jiƙa da kuma rufin kwano. Kada a yi masa laminatin, domin zafi da gam ɗin ba sa fita, in danshi ya shiga ta gefe kuma ya zauna ke nan. Wanda za a rataye a falo ya zama kwafi, asalin ya zauna a duhu. In an samu nagatif mai warin khal a ware ta daga sauran, a gaggauta kai ta a yi mata sikanin. In babu na'urar, a ɗauki hoton hoton da waya a inuwa mai haske, a tura wa 'yan'uwa a matsayin fayil don kada a matse shi. Hotunan waya masu muhimmanci kuma a zaɓi kaɗan a wanke su a takarda mai kyau.

Mafi gaggawa duka ba ya cin ko kwabo. A zauna da tsohuwar da ta rage a gidan, a miƙa mata hotunan ɗaya bayan ɗaya, a rubuta a baya da fensir, ba da biro ba: wane ne, ɗan wane, a ina, wace shekara, ko zamanin wane sarki. In a garinku akwai wanda ya taɓa yin sana'ar hoto, ko 'ya'yansa, a je a gaishe su a tambayi ko akwai sauran kwali. Sakkwato tana da cibiyar adana tarihi ta Waziri Junaidu, Kaduna tana da Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, amma tarihin Sanyinna da Kuchi da Jabo ba zai je can da ƙafarsa ba, kuma mafi yawansa ba a can yake ba. Yana cikin adakar wata gwaggo.

Hoton baƙi da fari mai kyakkyawan wanki zai iya jiran mu wasu shekaru hamsin. Mai kala na shekarun 1980 ba shi da wannan haƙurin. Wadda ta san sunayen mutanen da ke ciki kuwa, Allah kaɗai ya san kwanakin da suka rage mata.